Efua Sutherland: Matar da ta ɗauko Gizo daga tatsuniya ta kai shi kan dandamali

Da yawa daga cikin waɗanda suka karanta adabin Turanci a sakandare a Najeriya da Ghana za su iya tuna labarin wani uba da talauci ya yi wa katutu. Ya yi wa sarakuna huɗu alƙawarin ƴarsa guda ɗaya, ya ci kuɗinsu, da suka tashi zuwa neman aure a lokaci guda kuma sai ya ce da yarinyar ta kwanta ta yi kamar ta mutu.

Wasan shi ne The Marriage of Anansewa, wato Auren Anansewa, wanda ya daɗe a jerin littattafan jarrabawar WAEC. Sai dai ɗalibai kan haddace sunayen sarakunan su shiga jarrabawa su fito, ba tare da sun san komai game da matar da sunanta ke bangon littafin ba.

Sunanta Efua Theodora Sutherland, ƴar ƙasar Ghana. Tana cikin matan Afirka na farko da suka rubuta wasan kwaikwayo aka nuna shi a dandamali. Kuma ba a rubutu ta tsaya ba, domin ita ta tara ƴan wasan, ita ta nemo kuɗin gina wurin da za a yi wasan.

Abu guda ta shafe kusan shekara 40 tana ƙoƙarin nunawa. A lokacin da ake kallon wasan daɓe a matsayin abin da Bature ya zo da shi, mai labule da fitilu da kujeru a jere, ita ta dage cewa mutanenta suna da nasu tun kaka da kakanni. Ana yin sa a tsakar gida, da daddare, lokacin da aka zauna tatsuniya.

Jummai ta Cape Coast

An haife ta ranar 27 ga Yunin 1924 a garin Cape Coast da ke bakin teku, lokacin ƙasar na ƙarƙashin Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Ranar Juma'a ce, shi ya sa aka kira ta Efua, sunan da Fante ke ba macen da aka haifa a ranar. Da a ƙasar Hausa ne, Jummai ke nan.

Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya. Kakarta Araba Mansa ce ta raine ta, kuma daga baya da Efua ta gina gidanta a Accra sunan wannan kaka ta sa masa.

Cape Coast gari ne da boko ya daɗe da zama. Shi ne hedikwatar mulkin Turawa kafin a mayar da ita Accra a 1877, kuma a nan ne wasu daga cikin tsofaffin makarantun ƙasar suke. Ƴan bokon garin sun yi suna wajen kwaikwayon Turawa a sutura da magana, har wani lauya ɗan garin, Kobina Sekyi, ya yi musu shaguɓe a wasansa The Blinkards tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A makarantun St Monica na mata masu zaman zuhudu na cocin Angilika ta yi karatu, ta samu horon malanta a Mampong da ke ƙasar Asante, ta kuma koyar na wasu shekaru. A 1947 ta tafi Ingila, inda ta shiga Kwalejin Homerton da ke Cambridge, tana cikin matan Afirka na farko da suka yi karatu a can. Daga nan ta wuce makarantar nazarin harsuna da al'adun Afirka da Gabas ta Jami'ar Landan.

Ta dawo gida a 1951 ta koma aji. Abin da ta gani a ajin ya dame ta: yaran Fante da Asante na karanta littattafan da aka rubuta don yaran Ingila, babu garinsu a ciki, babu wasanninsu, babu tatsuniyoyin da suka kwana suna ji. Wannan damuwa ce tushen kusan duk abin da ta yi daga baya.

A 1954 ta auri Bill Sutherland, Baƙar fata ɗan Amurka mai fafutukar ƴancin Afirka wanda ya ƙaura zuwa Gold Coast. Sun haifi ƴaƴa uku. Babbarsu, Esi Sutherland-Addy, ta zama farfesa a Jami'ar Ghana.

Gidan wasa mai kama da tsakar gida

Ghana ta samu ƴancin kai ranar 6 ga Maris na 1957, kuma Kwame Nkrumah na neman duk abin da zai nuna wa duniya cewa Baƙar fata na da nasa. Wannan yanayi ya zo wa Efua daidai.

A shekarar ta jagoranci kafa ƙungiyar marubutan Ghana, wadda daga baya ta fara fitar da mujallar adabi mai suna Okyeame. A 1958 kuma ta kafa ƙungiyar gwajin wasan kwaikwayo a Accra, inda ake haɗuwa a gwada sabbin rubuce-rubuce da harshen Akan da kuma Turanci.

Ƙungiyar ba ta da mazauni na kanta. Efua ta shiga neman kuɗi, ta samu tallafi daga Gidauniyar Rockefeller ta Amurka da Majalisar Fasaha ta Ghana, aka gina wurin da aka kira Ghana Drama Studio a tsakiyar Accra. Nkrumah da kansa ya buɗe shi a 1961.

Ginin kansa hujja ce. Gidajen wasa irin na Turai suna da dandamali can gaba, an raba shi da ƴan kallo da labule, ana kashe fitila kowa ya yi tsit. Nata kuwa an tsara shi ne kamar tsakar gidan Akan: katanga ta kewaye fili, sama a buɗe, ƴan kallo na iya zagaye ƴan wasa suna ganin fuskar juna.

Dalilinta mai sauƙi ne. Mutumin da ya saba amsa wa mai ba da labari, ya yi masa gardama, ya tashi ya taka rawa in waƙa ta yi daɗi, in aka zaunar da shi a duhu aka ce ya yi shiru an riga an raba shi da rabin abin da ya zo nema.

Marubuci Joe de Graft ne ya zama daraktan wurin na farko. A 1963 wurin ya koma ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, ita kuma Efua ta zama mai bincike a cibiyar. Matasan da suka ratsa ta hannunta sun haɗa da Ama Ata Aidoo, wadda wasanta The Dilemma of a Ghost ya fito a 1965.

Akwai ɗan abin lura a nan. Aidoo ake ba lambar mace ƴar Afirka ta farko da aka buga wasanta a littafi, alhali tun 1962 ake kallon wasannin Efua a Accra. Nata ba su fito a matsayin littafi ba sai 1967. Ga alama ganin wasa a kan daɓe ya fi damunta a kan ganin sa a takarda, kuma har ta rasu akwai ayyukanta da dama da ba a buga ba.

Gizon Akan

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan waye Ananse. Gizo-gizo ne mai wayo, ga haɗama ga ƙarya, wanda kan ƙulla makirci ya faɗa ciki sannan ya nemi hanyar fita. Shi ne Gizon mutanen Akan. Cikakken sunansa Kweku Ananse, Kweku kuwa sunan namijin da aka haifa ranar Laraba ne, kamar a ce Balarabe.

Bayin da aka kwashe daga gaɓar tekun sun tafi da shi a bakinsu, shi ya sa har yau ana ba da labarin Anansi a Jamaika da maƙwabtanta.

Akan na kiran tatsuniya Anansesem, wato zancen Ananse, ko da babu shi a cikin labarin. Abin da Efua ta yi shi ne ta zauna da masu wannan fasaha, ta kalli yadda suke yi, ta gane cewa zaman tatsuniyar kansa wasan kwaikwayo ne cikakke.

Mai ba da labari shi ke riƙe da zaman, shi ya san farko da ƙarshe. Amma ba shi kaɗai ke magana ba. Ana tsaka da labari wani daga cikin masu sauraro zai katse shi, ya ce shi ma yana wurin lokacin da abin ya faru, ya tayar da waƙa, kowa ya amsa, a yi kiɗa da rawa, wani lokaci a kwaikwayi wani ɓangare na labarin. Sannan a ce mai labari ya ci gaba. Wannan katsewar ita ake kira mboguo.

Wanda bai sani ba zai ɗauka hayaniya ce. A gaskiya aiki take yi: tana farkar da mai gyangyaɗi, tana ba mai labari damar shan iska, kuma ta nan ne jama'a ke faɗin ra'ayinsu kan halin da suka gani.

Daga wannan ne ta fitar da salon da ta raɗa wa suna Anansegoro, wato wasan Ananse. A cikinsa ƴan wasa duka suna zaune wuri guda a kan dandamali a matsayin jama'ar gari, wanda lokacinsa ya yi ya tashi ya taka rawarsa ya dawo ya zauna. Mai ba da labari na nan yana magana da ƴan kallo kai tsaye. Akwai kuma mai kula da kayan wasa, wanda ba ya ɓuya a bayan labule, a gaban kowa yake miƙo kujera ko takarda. Ba a yi wa kowa ƙaryar cewa abin da ake gani gaske ne.

Ƴa ɗaya, sarakuna huɗu

Auren Anansewa shi ne inda salon ya nuna kansa sosai. An buga shi a 1975, bayan an riga an nuna shi da Akan da kuma Turanci.

Ananse na wannan wasa ba gizo-gizo ba ne a daji. Mutum ne ɗan zamani mai suna George Kweku Ananse, rufin ɗakinsa na yoyo, ƴarsa Anansewa na zaune a gida saboda an kasa biyan kuɗin makarantar koyon aikin sakatariya. Ko kuɗin tafiretar da take koyo da ita ba a gama biya ba.

Sai ya sa ta buga masa wasiƙu huɗu a kan wannan tafireta, cike da kirari da fadanci, zuwa ga sarakuna huɗu: Sarkin Sapaase, da Togbe Klu na Akate, da Sarkin Ma'adinai, da wani da ake kira Sarkin da Yake Sarki. Yarinyar ba ta san cewa da hannunta take buga tallar kanta ba. Uban ya riga ya zagaya da hotonta ya nuna wa kowannensu.

Dabarar Ananse ta dogara ne a kan wata ƙa'ida ta al'adar Akan. Duk kyautar da mai neman aure zai yi, komai yawanta, ba ta sa mace ta zama matarsa ba har sai danginsa sun kawo abin da ake kira abin shan kai, wato abin sha da ɗan kuɗi da ake miƙa wa dangin yarinya su karɓa a gaban shaidu. Kafin wannan, toshi ne kawai.

Don kada wannan ya wuce ƴan kallo, Efua ta saka wani ɗan gajeren wasa a cikin wasan. Wani saurayi Akwasi ya riƙe wata budurwa Akosua yana cewa matarsa ce tunda ta ci kayansa. Ita kuma ta ce ya zo su je gaban iyayenta ya faɗi ranar da ya kawo abin shan kai. Nan take ya sake ta.

Kuɗi suka fara shigowa. Ananse ya gyara gida, ya ɗinka sutura, ya je coci ya ba da sadaka yadda kowa zai gani, Anansewa ta koma makaranta. Sai kuma saƙonni suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya: kowane sarki ya sa ranar turo wakilansa da abin shan kai, kuma ranakun sun haɗu.

A nan ne gizo ya faɗa cikin saƙarsa. Ya yi wa mahaifiyarsa Aya da gwaggonsa Ekuwa ƙaryar cewa maƙiya sun cinna wa gonar kokonsu wuta a ƙauye, don su bar gidan. Sannan da taimakon wata mata mai suna Christie, wadda ita ma ke da nata buri a kansa, ya shimfiɗe Anansewa a matsayin gawa.

Zuwan masu ta'aziyya shi ne zuciyar wasan. Da yake a ganinsu yarinya ta mutu, babu sauran abin ɓoyewa, sai wakilan kowane sarki suka faɗi abin da ya sa ubangidansu ya so ta. Sarkin Ma'adinai na son mai ilimin da za ta yi wa ƴaƴan sauran matansa tarbiyya. Na Sapaase na son wadda za a ƙuntata wa wata matarsa da ita. Togbe Klu kuwa ma'aikaciya yake nema da za ta riƙe masa harkar kasuwancinsa.

Sarkin da Yake Sarki ne kaɗai ya ce ko da al'ada ba ta ɗora masa komai ba, shi ya ɗauke ta matarsa. Ya aiko da abin shan kai da zobe da akwatin gawa na gilashi, ya ɗauki nauyin jana'iza. Ananse na jin haka ya shiga kiran kakanni yana roƙo, gawa ta motsa, Anansewa ta tashi, aka koma biki.

Ana dariya daga farko har ƙarshe, amma dariyar na da ɗaci. Tun da wuri Anansewa ta yi kukan cewa ubanta na sayar da ita kamar haja, kuma wasan bai taɓa ƙaryata ta ba. Ta dace ne kawai wanda ya yi nasara shi ne wanda zuciyarta ta kwanta da shi.

Masu sharhi sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Wasu na ganin Efua ta yi wa Ananse sassauci, tunda ya yi ƙarya ya ci kuɗin mutane ya kuma tsira ba tare da ko ƙwarzane ba. Amma wanda ya san Gizo ya san ba a kawo shi don a yi koyi da shi. Ana kawo shi ne don jama'a su ga halinsu a jikinsa. Kuma cikin sarakuna huɗu masu kuɗi da iko, uku ba su ga mutum a jikin yarinyar ba, amfani suka gani. Wannan hukunci ya fi wanda za a yanke wa Ananse nauyi.

Ɗan boko a gidan boka

Edufa, wanda aka fara nunawa a 1962, ba wasan dariya ba ne. Ta ɗauko ƙashin bayansa daga Alcestis, wasan da Euripides na ƙasar Girka ya nuna shekara 438 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kan matar da ta yarda ta mutu a madadin mijinta.

Edufa attajiri ne mai ilimin zamani, gari na girmama shi, a bainar jama'a yana nuna ya wuce camfi. A ɓoye kuwa ya je wurin boka, aka ce masa mutuwa na tafe, sai dai in wani ya furta da bakinsa cewa zai mutu dominsa. Ya karɓi asirin ya dawo gida.

Mahaifinsa Kankam ya yi niyya. Ya jefa masa tambayar cikin raha, tsohon ya ƙi. Sai matarsa Ampoma, wadda ba ta san abin da ke ƙasa ba, ta ce ita za ta iya mutuwa dominsa saboda ƙauna.

Wasan ya buɗe ne tana kwance tana ƙarewa. Kankam ya gano gaskiya, ya zo ya ce da ɗansa ya fito ya amsa laifinsa a taru a karya asirin. Edufa ya musa, ya ce tsohon ya ruɗe. Ya gwammace ya ci gaba da haɗa magunguna a ɓoye da a ce gari ya ji cewa mutum kamarsa ya je wurin boka.

A wasan Girkawa, jarumi Herakles ya yi kokawa da mutuwa ya dawo da matar. Efua ta cire wannan. Baƙon da ya zo gidan Edufa, abokinsa Senchi, mawaƙi ne mai yawo wanda ba shi da komai sai baki. Babu mai ceto. Ampoma ta mutu, matan garin da suka shigo da waƙar korar sharri a farkon wasa su suka koma masu makoki.

Shekara biyar kacal da samun ƴanci, lokacin da sabbin manya ke hawa kujerun da Turawa suka bari, ba sai an faɗa wa ƴan kallon Accra da wa ake ba.

Labaran ɗan Arewa

Foriwa, shi ma na 1962, ya faru ne a wani gari mai suna Kyerefaso wanda ya tsaya cak. Dattawansa na alfahari da jarumtar kakanni, titi ya lalace, gine-gine na zubewa, matasa na guduwa birni. Sarauniyar garin na son canji amma an ƙi ba ta haɗin kai.

Ƴarta Foriwa malamar makaranta ce da ta dawo gida, ta ƙi manema masu kuɗi. A bakin titi kuma akwai wani baƙo da ya kafa ƴar rumfa yana kwana a ciki, yana share juji, yana taimakon wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ke son mayar da shagon littattafansa abin kirki. Sunansa Labaran.

Sunan kaɗai ya isa ya gaya wa Bahaushe daga inda ya fito. Labaran ɗan Arewa ne, kuma yana da digiri na jami'a, amma mutanen garin ba su tsaya tambaya ba. Sun ga ɗan Arewa a rumfa, sun yanke hukunci.

Wannan zaɓi ba ƙaramin abu ba ne a Ghana ta lokacin. Mulkin mallaka ya bar Arewacin ƙasar da makarantu ƙalilan, ya mayar da yankin wurin ɗebo leburorin gonakin koko da ramukan zinariya na Kudu. A idon mutanen Kudu da yawa, ɗan Arewa ko mazaunin zango ɗan ƙwadago ne ko mai gadi. Efua ta ɗauki irin wannan mutum ta ba shi ilimin da ya fi na kowa a garin, sannan ta sa ƴar sarauniya ta zaɓe shi.

Wasan bai kai Edufa ƙarfi ba, domin saƙon haɗin kan ƙasa ya fito fili har ya so ya yi yawa. Amma shi ne ya fi nuna abin da ita kanta ta yi imani da shi, kuma ba da daɗewa ba ta je ta aikata irinsa.

Ɗakin tatsuniya a ƙauye

A binciken da take yi ta isa wani ƙauyen Fante mai suna Atwia a yankin Ekumfi, inda mace ke sarauta kuma mutanen suka shahara da iya tatsuniya. Maimakon ta naɗi muryoyinsu ta koma jami'a, sai ta zauna da su aka gina wuri na musamman da hannun mutanen ƙauyen. An kammala shi a 1966, aka kira shi Kodzidan, wato ɗakin labari.

A shekarar ce sojoji suka kifar da Nkrumah. Aikin Efua bai tsaya ba. A 1967 gidan talabijin na ABC na Amurka ya nuna fim ɗin Araba: The Village Story da aka ɗauka a Atwia. A 1968 ta kafa ƙungiyar Kusum Agoromba, ƴan wasa masu yawo da ke kai wasanni da harshen Akan makarantu da coci-coci da garuruwa.

Ba ta raina wasan talakawa ba. A lokacin ƴan boko na yi wa ƴan wasan barkwanci masu yawo gari-gari kallon marasa aji, ita kuwa ta rubuta tarihin ɗaya daga cikin manyansu, Bob Johnson, aka buga a 1970.

Yara, da ginin da aka rushe

Ba ta manta da abin da ta gani a aji ba. Ta yi littafin hotuna kan wasannin yaran Ghana mai suna Playtime in Africa tare da mai ɗaukar hoto Willis Bell, ta rubuta wasannin yara masu kiɗa da amshi irin su Vulture! Vulture! da Tahinta, waɗanda aka buga a 1968. A farkon shekarun 1970 tana cikin waɗanda suka kafa kamfanin ɗab'i na Afram a Accra, don littafin ɗan Ghana ya daina jiran amincewar Landan.

Daga 1983 zuwa 1990 ta shugabanci Hukumar Kula da Yara ta Ghana. A ƙarshen wannan wa'adi, cikin Fabrairun 1990, Ghana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince a hukumance da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara.

Ita ce kuma ta rubuta takarda a 1980 tana ba da shawarar a riƙa yin bikin wasannin tarihi a Cape Coast, a gindin ganuwar da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Shawarar ta kwanta shekara 12 kafin ta zama bikin PANAFEST, wanda aka fara a 1992 kuma yake jawo Baƙaƙen fata daga Amurka da Karebiyan.

A daidai wannan lokaci ne ta yi babban rashi. Gwamnati ta yanke shawarar gina katafaren gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da taimakon China, kuma filin da aka zaɓa ya haɗa da inda Drama Studio yake. Wajajen 1990 aka rushe shi, bayan kusan shekara 30 ana wasa a ciki.

Sabon ginin, wanda aka kammala a 1992, yana da girma da kyau, kuma babban zaurensa na da dandamali can gaba da kujeru a jere suna fuskantarsa. An gina kwafin tsohon wurin a harabar jami'a a Legon, yanzu sunanta yake ɗauke da shi. Amma Legon unguwar ɗalibai da malamai ce a gefen birni, nesa da ma'aikata da ƴan kasuwar tsakiyar Accra da ke iya biyowa ta tsohon wurin bayan an tashi aiki.

Efua Sutherland ta rasu a Accra cikin Janairun 1996 tana da shekara 71. Marubucin wasanni Mohammed ben Abdallah, ɗan Kumasi, ya ɗora a kan salonta ya faɗaɗa shi zuwa abin da ya kira Abibigoro. Iyalanta na gudanar da Gidauniyar Mmofra, kalmar da ke nufin yara da harshen Akan, a filin da ke kusa da gidanta.

A tsakiyar Accra kuma akwai babban filin wasan yara da aka sa wa sunanta. Jaridun Ghana sun sha kokawa kan yadda aka bar lilo da sauran kayan wasan da ke cikinsa suka yi tsatsa.